Ranar da Inna ta Wanke wa Baƙona Hanya

Ko na tsufa na manta yadda ake tayar da inji, ba zan manta da ranar da na gayyato mai duba na baladiyya, wato hukumar gari, gidanmu a unguwar Ƙurban ta Madina don in nuna masa yadda ake kiyaye doka ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kuna jin ana kirana Abu Moya, wato uban ruwa, kuna zaton yabo ne. To, ga asalin sunan.

Aikinmu wanki ne da injin feshi, mai harba ruwa da ƙarfi. Muna wanke farfajiyar otal, gaban shaguna da wuraren ajiye motoci. Dokar gari ba ta yarda ruwan wanki ya gangara titi ba, saboda yana ɗauke da sabulu da maiƙo, yana cin kwalta, yana kayar da masu wucewa. A da ana ɗan kau da kai. Wata shekara, Hajji na ƙaratowa, aka sanar da mu cewa ba za a sabunta lasisin kowa ba sai yana da injin zuƙa, wanda ke tsotse ruwan ya tara a tanki. Manyan kamfanoni ko a jikinsu. Mu ƙanana masu aiki a unguwar Sultana kuwa, kowa da motarsa ɗaya da ma'aikata biyu ko uku, mun san in aka kafe a kan haka sai mu rufe, ga iƙamar ma'aikatanmu, wato takardar izinin zama a ƙasar, a kan lasisin take.

Sai muka haɗa ƙarfi muka sayi inji guda, mu riƙa karɓa-karɓa. Saura a shawo kan hukuma ta yarda cewa ɗayan ya ishe mu. Aka ce a zaɓi mai magana da yawunmu, aka nuna ni, tunda a nan aka haife ni kuma Larabcina ba ya tuntuɓe. Na ce ba na so, irin ƙin da ake yi ana miƙa hannu.

Mai duban unguwarmu, Ustaz Abu Faisal, mutum ne mai ƙarancin magana. Na yi masa dogon bayani a ofis, ya saurara har na gaji, sannan ya ce, "Baki ba ya tsotse ruwa. Ku nuna mini."

Na ce ya zo gidana bayan La'asar, tunda a nan injin yake kuma farfajiyar na da faɗi. Gaskiyar magana, so nake abokan aiki su ga babban mutum ya sha gahawa a ɗakina.

A gida na yi ta cika baki cewa baƙo na musamman zai zo daga hukuma. Dalilin zuwansa ne kawai ban faɗa ba, don a ganina me Inna ta sani game da dokar ruwa? Mahaifiyata kuwa tun tana yarinya iyayenta suka kawo ta daga Katsina, amma abu ɗaya Madina ba ta canza mata ba: baƙonta ba ya taka ƙura a ƙofar gida. Sai an share, an yayyafa ruwa, an kunna turare. Girman baƙo, yawan ruwa.

Ranar na sa sabuwar farar jallabiya, na fita sayo dabino mai kyau, na biya na ɗauko biyu daga cikin abokan aiki. A mota ina ta maimaita musu jawabina, wanda na gina a kan magana ɗaya: ko ɗigo ɗaya ba zai taɓa titi daga hannunmu ba. Muna shan kwanar layinmu sai ɗayansu ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwana, wane marar tsoron Allah ne ya saki ruwa haka?"

Na ce ko waye, yau ya gamu da gamonsa. Muka bi kumfa tana gangarowa gefen titi, muka wuce shagon burodi, muka wuce gidan maƙwabci, har ta kai mu ƙofar gidana. Ga Isufu, ma'aikacina ɗan Maraɗi, riƙe da bakin injin feshi yana wanke dakalinmu, Inna na tsaye a bayansa tana nuna masa inda bai fita ba.

Na ce, "Isufu, kai ma?"

Ya kashe inji ya ce, "Maigida, na ce mata muhalafa ne, hukuma ta hana. Ta ce hukumar ce za ta zo, a bar ta ta shigo cikin datti? Hajiya ta ce, ni wa?"

Inna ta dube ni ta ce, "Kai dai wuce ka ajiye dabinon. Har gaban maƙwabta na sa ya wanke, kada baƙo ya ce layin ƙazamai ne."

Ban kai ga amsa ba motar Abu Faisal ta tsaya. Ya sauko, ya ɗan ɗage jallabiyarsa, ya tako cikin ruwan a hankali. Inna ta yi masa marhaba da Larabcinta na tsofaffin Madina, ta ce duk wannan dominsa aka yi. Ya ce, "Allah ya ƙara girma, ya ummi, na gani." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai ne mai ko ɗigo ɗaya?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Jawabin nan kaf ya gudu daga kaina. Abokan aikina suka sunkuyar da kai, na kuma san ba ni suke tunani ba, lasisinsu suke tunani.

Abu Faisal ya ce, "Ina injin da kuke yabo? Ga ruwa ya samu."

Na naɗe jallabiya, muka jawo injin zuƙa ni da Isufu, na kama tiyo da hannuna. Tun daga dakalinmu na bi ruwan Inna ina tsotsewa, ina duƙe, maƙwabta na leƙe, mai burodi na nuna mini inda na tsallake. Shi kuwa baƙon an kawo masa kujera ƙofar gida, yana shan gahawa yana kallona. Kafin Magariba titi ya bushe ƙarau, farar jallabiyata ta koma launin kwalta. Daga ranar nan aka laƙaba mini Abu Moya.

Da zai tafi ya yi abu biyu. Ya rubuta mini tarar sakin ruwa a titi, da sunana, ba ragi. Sannan ya ce zai kai rahoto cewa ya ga injin yana aiki a ruwan gaske, ba wanda aka shirya don kallo ba, kuma bai ga laifin mu yi tarayya a kansa ba matuƙar ba a fita wanki sai da shi. Bayan 'yan makonni aka sabunta mana lasisi gaba ɗaya, ba wanda ya rufe, ba ma'aikacin da aka sallama.

Abin da na koya shi ne, hukuma ba ta cika jin daɗin baki ba, aiki take son gani, kuma mai zuwa roƙa wa 'yan sana'arsa sassauci ya fara bayyana dokar a gidansu. Shi ya sa duk sabon ma'aikaci nake gaya masa ya bi ruwansa da ido har inda ya tsaya. Inna kuwa har yau ba ta yarda ta yi kuskure ba. Da na nuna mata takardar tara, cewa ta yi, "To, ba an ba ku abin da kuke nema ba? Da ya tarar da ƙofa da ƙura, ka ga ko zama zai yi?"