Ranar da Gwaggo Tela Ta Ƙi Gadin Kaya

Gwaggo Tela ta tsufa a wani ɗan shago mai taga ɗaya, tagar ma bangon maƙwabta take kallo. Da keken ɗinkinta ta raini ƙanenta Auta bayan rasuwar iyayensu, ta sa shi makaranta, ta yi masa aure. Ita kuwa nata auren bai yi tsawon rai ba, kuma ba ta haihu ba. Shi ya sa duk wata hidima ta dangi, ita ake bari da tukwane da jarirai da takalman mutane. Ba ta taɓa cewa uffan ba.

Da idonta ya fara hazo har zare ya daina shiga allura, sai ta kira Auta. "Abu ɗaya nake roƙonka. Kafin idon nan ya rufe, ka kai ni in ga teku."

"Yaya, wannan ai ƙaramin abu ne," in ji shi.

Sai da damina ta wuce ya cika alkawari. Ya zuba matarsa da 'yan matansa biyu a mota, aka cusa Gwaggo a baya tsakanin kular abinci da jakunkuna. Suka ratsa gonaki kore shar, da ƙauyukan masunta inda aka shanya taru a kan danga. Duk inda ta ce a rage gudu ta duba, sai Auta ya ce na gaba ya fi kyau.

Tsayawar farko wurin wani ruwa ne da ke zubowa daga kan dutse. Tun daga bakin titi ana jin ruguginsa. Gwaggo ta fara laluben takalminta.

"Yaya, hanyar da santsi, ga gwiwarki," in ji Auta. "Ki ɗan kula mana da kaya, yanzun nan za mu dawo."

Ta koma ta zauna. A wani kogo da suka tsaya a gaba ma haka aka yi, wai akwai duhu da jemagu. Da suka dawo suna ta shewa, babbar 'yar ta miƙo mata waya. "Gwaggo, kalli hoton, wallahi kamar kin je!" Gwaggo ta kai wayar har kan hancinta, ba ta ga komai ba sai wani baƙi-baƙi da haƙoran matar Auta.

Rana ta karkata suka isa bakin teku. Motar ta tsaya a saman wani tudu, iska mai ƙarni ta buso, ga wani gurnani yana tasowa daga ƙasa. Matar Auta ta leƙa matattakalar da ta gangara, ta ce, "Kai, wannan ba ta Yaya ba ce. Yaya, a sa mana ido a kan jakata, don Allah." Suka sauka, ko waiwaye babu.

Nan zuciyar Gwaggo ta tafasa. Wato daga shagonta aka ɗauko ta, aka jijjiga mata ƙashi tun safe, don ta zo ta yi gadin kula? Ta banke ƙofa ta fito, ta bar ta a wangale. Ta kama matattakalar, da gwiwa ta ƙi sai ta zauna ta riƙa jan gindi, hawa ɗaya bayan ɗaya, tana ta faɗa ita kaɗai. "Goyon da na yi maka a bayan nan, ba santsi a lokacin? Ba duhu? Ɗan banza mai kan kwakwa!"

A ƙasa wata mai tsintar ƙaguwa ta ajiye bokitinta ta kama ta. "Sannu, Inna. Ke kaɗai?"

"Da mutanena. Sun mutu ne a tsaye. Kai ni bakin ruwan."

Matar ta kai ta. Gwaggo ba ta ga inda tekun ya ƙare ba, wani shuɗi ne kawai ya haɗe da sama, sai farin kumfa da ke tahowa da gudu kamar an warware bandir ɗin leshi. Ruwan ya daki ƙafafunta da sanyi, ya koma yana zare yashi daga ƙarƙashin dugaduganta har ta yi tangaɗi. Ta ɗebo ta ɗanɗana, ta tofar. "Duk girman nan, ashe ba ya shawuwa," ta ce. Sai hawaye, ita ma ba ta san na mene ne ba.

Can sai ga Auta ya sauko yana haki. Ashe sun bi ta wata hanya sun koma mota, sun tarar da awaki a ciki, sun kifar da kular, ɗaya ma tana tauna gyalen matarsa.

"Haba Yaya! Kayan da aka bar miki amana?"

Ta juyo. "Auta, ni ka kawo kallon teku ko kularka? Tun kana tsumma nake gadinka. Na yi gadin cikinka, na yi gadin karatunka, na yi gadin 'ya'yanka. Yau ɗaya na roƙe ka abu, ka mai da ni kwaɗo a ƙofar mota. Awakin nan sun fi ni cin riba, Allah ya ƙara musu lafiya!"

Ta nemi wani dutse ta zauna, ta ce ba inda za ta sai rana ta faɗa cikin ruwan nan a gabanta. Haka suka tsaya da yunwa suna jiran ta. Wajen hawa, Auta ya durƙusa zai goya ta, ta ture shi, ta kama hannun mai ƙaguwa.

Idon ya ƙarasa rufewa kafin wata daminar. Auta ya sha zuwa ban haƙuri, tana amsa gaisuwarsa, amma iyakarta ke nan. Da ya zo da maganar su sake komawa, har da ruwan dutsen da kogon, sai ta ce masa ya ja mata ƙofa idan zai fita, ƙudaje na shigowa.