Watan da Ni da Kakana Ba Mu Gani Ba

Shekaranjiya da yamma ruwan sama ya ritsa ni a bakin Babbar Kasuwa. Kafin in samu rumfar fakewa gilashina ya jiƙe sharkaf, na cire shi ina laluben bakin mayafi in goge. Da na ɗaga kai sai na fasa gogewar. Fitilun motoci duk sun kumbura sun zama manyan furanni, ja da fari, suna shiga cikin juna a hankali. Mutane sun koma launuka masu tafiya, babu mai fuska ko ɗaya. Na tsaya ƙiƙam har mai rumfar ya ce, "Hajiya, lafiya dai?" Lafiya lau. Tsohon garina na gani, wanda na zauna a cikinsa har na shekara tara ban san ni kaɗai ce a ciki ba.

In kai mai lafiyar ido ne, da wuya ka gane abin da nake nufi. Yaron da ya taso da gajeren gani ba ya kuka da idonsa, domin bai san akwai wani gani da ya wuce nasa ba. A gidanmu na Abakpa akwai mangwaro a tsakar gida, kuma a wurina dunƙule ne kore guda ɗaya mai motsi idan iska ta kaɗa. Ban san ana tsayawa a ƙasa a ga ganye ɗai-ɗai ba. Mutane kuwa da tafiyarsu na san su, da launin zane, da irin tarin kowa. Na sha rankwashi a kan wuce manya ban gaishe su ba, aka ce girman kai ne da ni tun ban kai ko'ina ba. A makaranta littafin ta kusa da ni nake kwafa, ina mamakin yadda take sanin abin da malam ya rubuta a allo. Na ɗauka ƙoƙari ne kawai ta fi ni.

Amma fa kawo abu kusa da hancina ka sha mamaki. Ni ce mai zura wa Mama zare a allura, ni ce mai tsince tsakuwa a shinkafa, ni ake kira idan ƙaya ta karye a ƙafar wani. Da haka zance ya zauna a gidan cewa yarinyar nan idonta kamar na shaho. Ni ma na yarda, har ina ɗaga kafaɗa.

Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, Bakatsine ne da ya zo Kaduna tun yana saurayi ya yi aiki a ofishin safiyo har ya yi ritaya. Rayuwarsa duka a kan hange ta ƙare: ya kafa na'urar awo mai ƙafa uku a daji, ya leƙa, ya faɗi nisan abu, kuma a auna a tarar haka ne. Amma abin da aka fi saninsa da shi a unguwa shi ne ganin wata. Duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban, da an kusa magariba, zai hau wani tudu a bayan layin dogo ya fuskanci yamma. Shekaru da yawa shi ke fara hango jinjirin wata, ya sauko ya shaida wa liman, liman ya kai maganar gaba. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. In ya ce ya gani, ko mai gardamar unguwa sai ya tafi neman abin sahur.

Shekarar da nake ba ka labari azumi ya faɗo a farkon damina. An yi ruwa da rana, ya ɗauke da la'asar, ya bar sama a wanke tas da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shinge, ƙwarin nan masu fiffike, ya fara fitowa yana zagaye ƙwan lantarkin zaure. Baba Tsoho ya sa farar rigarsa, ya ɗauki sanda, ya tsaya a ƙofar ɗakinmu.

"Uwargida," ya ce, don haka yake tsokanata, "taso ki raka mijinki. Yau da ke za mu tahi."

Yayyena maza suna nan zaune, bai kira ko ɗaya ba. Na fita ina taƙama, ina jin idanunsu a bayana. Ban lura ba a lokacin, amma a hanya shi ne ya riƙe kafaɗata, ba ni na riƙe hannunsa ba.

A kan tudun babu kowa sai mu da wasu awaki. Yamma ta yi ja, jan ya koma ruwan goro, sannan wani kore-kore mai sanyi ya biyo baya. Wannan kam na gani da kyau, domin launi ba ya ɓuya wa mai gajeren gani. Baba Tsoho ya nuna mini daidai inda rana ta faɗi, ya ce in ɗaga ido sama da nan kamar tsawon hannu, in duba a natse. Na duba har hawaye ya taru mini. Ina jin numfashinsa a kaina, ina jin yatsunsa suna ƙara matse kafaɗata. Ni dai na san abu guda: shi yana ganinsa tuni, gwada ni yake yi, kuma ba zan yarda in kunyata ba. Can sai ga wani haske fari ya ɓullo a cikin koren nan, yana rawa a hankali.

"Ga shi can!" na ce.

"Alhamdu lillahi," ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya bi hannuna da fuskarsa, ya jima yana kallo, ya yi addu'ar ganin wata. Muka juyo, yana sauri kamar ba shi ba, don ya riski liman kafin a watse daga sallar magariba. Sai da muka tsallake layin dogo, har muna jin ƙarar butoci a ƙofar masallaci, sannan ya rage tafiya.

"Uwargida, ƙahonsa ina suka kalla? Kwance yake ko a jingine?"

"Ai ba shi da ƙaho, Baba. A mulmule yake, kamar ƙwallon fura."

Ya tsaya cak. Na ɗauka zai yi dariya, bai yi ba. Ya juya ni na fuskanci yamma, ya ɗauki hannuna na dama ya dunƙule shi, ya bar wata 'yar ƙofa ƙarama a tsakiya wadda ko tsinke da ƙyar zai wuce. Ya ce in rufe ido ɗaya, in leƙa hasken nan ta cikinta. Na leƙa. Ƙwallon furar ya tsuke, ya tsuke, ya zama ɗigo ɗaya mai kaifi yana ƙyalli. Na ɗan karkata hannun, sai ga turakun wayar jirgin ƙasa, da wayoyin kansu siri-siri, da wani tsuntsu a kai mai baki da wutsiya. Tsoro ya kama ni, na sauke hannun da sauri, komai ya koma yadda na san shi.

"Zara ce," in ji shi. "Zara matar wata. Mijin bai hito ba." Ya saki hannuna ya ce, "Ashe makaho ya ɗauko makauniya ta yi mashi jagora."

A nan bakin hanya ya gaya mini abin da bai gaya wa kowa ba. Shekara biyu ke nan hazo ya sauka a idonsa. Bara ya ce wa mutane gajimare ne ya tare. Bana ya yi niyyar ya ari idona, ya je ya ce ya gani, kuma da ba don tambayar nan ta zo masa ba, da ya ɗora wa jama'a azumi a kan shaidar da bai gani da idonsa ba. Ban fahimci nauyin maganar ba a lokacin. Na dai ji tausayinsa har cikin raina, irin tausayin da yaro bai san inda zai ajiye shi ba.

Ya bar ni a bakin ƙofar masallaci wajen takalma. Ina jin yadda aka yi tsit da ya shiga, kowa na jiran bakinsa.

"Malam, ban gani ba," ya ce. "Kuma ba gajimare ba ne. Idon ne ya tahi. Daga yau ku daina jirana."

Wani ya ce subhanallahi. Liman ya yi masa addu'a. Muka koma gida muka zauna gindin rediyo kamar kowa, aka sanar cewa ba a ga wata ba a ko'ina, Sha'aban zai cika talatin.

Washegari da hantsi ya kira ni ɗakinsa. Ya sa na rufe ƙofa na bar taga ɗaya a buɗe. Daga cikin akwatinsa ya fito da wani gilashi mai kumburin ciki, naɗe a tsohuwar hula, wanda ya ce daga wata na'urar awo da ta lalace ya cire shi. Ya riƙe shi tsakanin tagar da farin bango, yana matsawa gaba da baya, ya ce in faɗa masa idan na ga wani abu. Na kai fuskata dab da bangon. Sai ga tsakar gidanmu ƙarama a jikin bango, da launinta da komai, amma a kife: mangwaro saiwarsa a sama, Mama tana wucewa da tire ƙafafunta a sama kanta a ƙasa, shanya tana kaɗawa. Na yi ihu. Shi bai ga komai ba sai haske, ni nake ba shi labari.

Ya ce to haka ido yake. Ɗaki ne mai duhu da taga guda, baƙin nan na tsakiya shi ne tagar. A bayanta akwai ɗan gilashi irin wannan, halittar Allah, mai tattara haske ya zuba shi a bangon baya. A kife hoton ke sauka, ƙwaƙwalwa ce ke miƙar da shi. Ya ja gilashin nesa da bango kaɗan, Mama da mangwaro suka narke suka zama irin duniyar da na saba.

"Wanga naki ne. Ɗakinki ya cika zurhi, hoton na haɗuwa tun bai kai bango ba."

Ya mayar da shi daidai, sannan ya huro masa hucin bakinsa. Hoton ya dushe ya zama fari-fari.

"Wanga kuma nawa."

Bayan Sallah mahaifina ya kai mu asibitin ido rana ɗaya, ni da Baba Tsoho. Ni aka ɗora mini wani ƙarfe a hanci ana sauya gilasai, bayan mako biyu aka ba ni nawa. Abin da na fara kallo da muka dawo gida fuskar Baba Tsoho ce daga nesa, yana zaune a kan buzu. Ban san yana da tsagar gado a kumatu siri-siri haka ba. Kuma a tsakiyar baƙin idonsa ga wani fari kamar an ɗiga nono. Ashe duk gidan sun daɗe da ganinsa, kunya ce ta hana kowa magana.

Shi kuwa Baba Tsoho, likita ya ce yanar ido ce, kuma ana cire ta, amma a wancan zamani sai an jira ta nuna tukuna. Haka suke cewa, sai ta nuna, sai ka ce gwanda. Duk bayan 'yan watanni a kai shi, a haska, a ce da saura. Ya karɓi abin da wasa. In an tambaye shi jiki sai ya ce yana nan yana jiran girbi.

Da Sha'aban ya zagayo, ni na ce ya zo mu tafi. Muka hau tudun, hannunsa a kafaɗata. A wannan karon na gan shi da gaske, siriri kamar yankan farce, a ƙasa da inda nake zato. Ya tambaye ni ƙahonsa, na ce a jingine yake, suna kallon sama ta hagu. Ya ce, "To, shi ne." Bai je wajen liman ba, domin ba shi ya gani ba, shaidar yarinya kuma ba ta tsayar da wata. Muka zauna a kan dutse har duhu ya fara, yana ta sa ni in sake faɗa masa yadda yake. Kafin wani azumin Allah ya karɓi abinsa, yanar ba ta nuna ba.

Yanzu tudun nan benaye ne a kansa, kuma ko ka samu inda za ka tsaya hasken gari ya cinye yamma. A waya muke ganin wata, saƙo ya shigo, kowa ya tura wa kowa. Jikata tun tana shekara huɗu aka gane nata idon a makaranta, tana yawo da ɗan gilashinta mai igiya, ba wanda ya taɓa ce mata mai girman kai.

Watan jiya na je a sauya mini gilashi, don na ga kamar ya daina kama mini. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta haska idona na hagu ta daɗe, sannan ta ce, "Mama, ba gilashin ba ne. Yana ce ta fara."

Na ce to, sai a jira ta nuna ke nan.

Ta yi murmushi. "A'a Mama, ai an daina wannan tuntuni. Duk ranar da kika shirya a cikin makon nan ki zo da safe. Kafin azahar kina gida."

Na buɗe baki in yi mata godiya, sai kuka ya ƙwace mini. Ta rikice, ta dafa ni tana cewa wallahi ba zafi, ba a ma kwana. Na gyaɗa mata kai kawai, na bar ta tana zaton tsoro nake ji.