Ranar da Odell Ya Buga Tebur

Odell Purifoy ya shekara ashirin da shida yana yi wa ƙungiyarmu farautar 'yan ƙwallon kwando, ni kuwa na yi goma sha tara daga ciki ina jin ƙyashinsa. Gara in faɗa tun da wuri, kada wani ya ɗauka yabon aboki na zo yi. Mutumin nan bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, wannan ma yana cikin abin da ya fi ƙona mini rai.

Mutumin Pine Bluff ne, ta jihar Arkansas. Gajere, mai ɗan tumbi, yana ɗan ɗingisawa da ƙafar hagu, bai taɓa buga wasan da wani zai tuna ba. Direban motar makarantar sakandare ne, shi ke kai 'yan wasa garuruwa ya dawo da su. Tun da dole ya jira a tashi wasa, sai ya riƙa zama a bayan benci yana kallo. Kocin makarantar ne ya fara lura cewa in Odell ya ce wane zai kai, sai ya kai, in kuma ya yi shiru a kan yaro, to ko jaridu sun ɗauki yaron a ka, ƙarshensa sayar da motoci. Magana ta bi baki har ta iso ƙungiyarmu, aka ɗauke shi yana da shekara talatin da bakwai. Ni fa na buga a jami'a, shekara huɗu ina riƙe da ƙwallo, an sa hotona a jarida sau uku. Amma direban mota ne ya zama abin kwatance a ofishinmu.

Mu sauran, can sama muke zama a ɗakin wasa, inda ake ganin fili duka. Odell bai taɓa barin bayan benci ba, inda ba a ganin komai sai ƙeyar mutane. Ba ya bin ƙwallo da ido. In wani ya zura, sai ya duba fuskar wanda bai zura ba. In koci ya fitar da yaro, sai ya duba yadda ya karɓi tawul, da wajen da ya zauna, da ko ya miƙe ya yi wa wanda ya canje shi tafi. Yana da ƙananan littattafai masu koren bango da fensir guda, yana feƙe shi da wuƙar aljihu. Ni nakan rubuta shafi huɗu a kan yaro ɗaya: tsawonsa ba takalmi, faɗin hannuwansa in ya ware, tsallensa, kashi nawa yake zurawa daga nesa. Odell layi uku yake yi. Sai a karanta shafi huɗuna, a gyaɗa kai, a ce aiki ya yi kyau, sannan a tambaya, "Odell ya gan shi?"

Wannan tambayar ta cinye mini hanta tsawon shekaru. Na gwada zama a bayan benci sau biyu a ɓoye, a garin da ba wanda ya san ni. Abin da na samu ciwon wuya ne da warin gumi.

Duk watan Yuni, saura mako guda ranar zaɓen sababbin 'yan wasa, mukan taru a wani ɗaki marar taga a hawa na uku. Akwai farin allo a bango, sunan kowane yaro a kan ɗan maganaɗisu, an jera su daga na ɗaya zuwa na tamanin. A yi ta musu, a ɗaga wannan, a sauke wancan. Yara sittin kacal ƙungiyoyi ke ɗauka a shekara, saboda haka duk wanda ya faɗo ƙasa da sittin a allonmu kamar bai zo duniya ba. Amma akwai al'ada guda: in ka yarda da yaro har zuciyarka, sai ka miƙe ka buga tebur da tafin hannu. Ma'anarsa ka jingina sunanka da nasa. In ya yi, kai ka yi. In ya lalace, za a riƙa tuna maka har a wajen walimar ritayarka.

Na buga teburin nan sau goma sha ɗaya, huɗu suka yi abin kirki. Odell sau biyu ya buga a shekara ashirin da biyar, kuma duka biyun sun shekara fiye da goma suna wasa. Nakan ce wa matata ai wanda ba ya harbi ba ya kuskure. Ita kuma takan ce to ni ma in rage harbin mana.

Sai aka kawo mana sabon shugaba, Mista Brandt, ɗan shekara talatin da huɗu, wanda ya fi yarda da kwamfuta a kan idon mutum. Ba mugu ba ne, yana gaida kowa da suna. Amma tun makonsa na farko ya ce bayan zaɓe za a rage mu daga tara zuwa biyar. Ba sai an yi wa kowa duba ba. Odell na da shekara sittin da uku, rahotonsa ma sai sakatariya ta buga masa, kuma Brandt bai kasance a ɗakin ba lokacin da ya buga tebur sau biyun nan. A wajensa tatsuniya ce ta tsofaffi.

A watan Fabrairu Odell ya kira ni a waya, ya ce in same shi ranar Asabar a wata ƙaramar kwaleji a Mississippi, akwai wani yaro Cleon Tubbs da yake so in gani. Mississippi kuwa yankina ne. Sau biyu na bi ta gaban makarantar nan a shekarar ban tsaya ba.

Mutanen da ke ɗakin wasan ba su kai ɗari uku ba. Minti goma ya ishe ni. Yaron ba dogo ba ne can, ba ya tsallen da zai sa mutane ihu, amma duk inda ƙwallo za ta faɗo sai ka tarar ya riga ta zuwa. Yana magana da 'yan'uwansa tun daga farko har ƙarshe, yana nuna musu inda za su tsaya. Wani siririn abokinsa ya ɓarar da ƙwallo uku a jere, ya fara sunkuyar da kai, sai Cleon ya ƙi zura tasa alhali ba kowa a gabansa, ya miƙa wa siririn nan. Da ta shiga, shi ya fi kowa murna. Na san abin da nake kallo. Ina zaune ina jin daɗin wasan, ina kuma jin haushi, don ba ni na gano shi ba.

Bayan wasa muka tsaya a wata rumfar cin abinci a bakin hanya, aka kawo soyayyar tarwaɗa da burodin masara da shayi mai ƙanƙara. Odell ya ci nasa tas, ya fara kallon nawa.

"To, ɗan jarida," ya ce, don haka yake kirana saboda tsawon rahotona, "me ka gani?"

Na ce yaron ba laifi.

"Ba laifi? Kai Vernon, ji tsoron Allah. Tun minti na biyar ka daina rubutu, bakinka a buɗe har ƙuda na neman shiga." Ya ja farantina gabansa. "Saurara. Yankinka ne. Rubuta shi, ka sa sunanka, ka cika musu shafi huɗun nan da suke so. Yaron can Brandt zai fi jin maganarka. Ni ba ruwana da wa ya gano shi, a dai ɗauke shi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tuƙa mota awa biyar zuwa gida ina maimaita maganar. Wato sadaka zai ba ni. Wato ko abin yabona sai ya fito daga aljihun direban mota. Kuma na san ofishinmu: ko na sa sunana da manyan baƙaƙe, wani zai tambaya ko Odell ya gan shi, in kuwa aka ce ya gani, shi ke nan an san mai doki. Na rubuta rabin shafi. Na ce shekararsa ashirin da uku, ya tsufa, hannuwansa ba su da tsawo, kuma da ƙananan makarantu yake karawa. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, na dai zaɓi gaskiyar da zan faɗa.

Ranar taro, lambar da za mu ɗauki yaro a zagaye na biyu na zaɓen ita ce arba'in da bakwai, Cleon Tubbs kuma yana na saba'in da ɗaya a allo. Wajen sha ɗaya na safe, ana shirin wuce sunansa, sai muka ji ƙara. Odell ne ya miƙe ya buga tebur, har kofin Brandt ya yi tsalle. Tsofaffin cikinmu suka dubi juna. Odell ya yi magana kamar minti ɗaya. Ya ce yaron nan zai shekara goma yana wasa, kuma duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya ƙara kyau.

Brandt ya duba kwamfutarsa, ya ɗan yi murmushi irin na ladabi, sannan ya juyo wajena.

"Vernon, yankinka ne, kai ma ka gan shi. Me ka ce?"

Kalma ɗaya ake nema daga bakina. Mutum biyu a kan yaro ɗaya, da an ɗaga shi, da kuma an ga dalilin riƙe tsohon. Na san wannan sarai. Na kuma san karo na farko ke nan a shekara goma sha tara da aka saurari Odell sannan aka tambaya ko Vernon ya gani, kuma wallahi na ji daɗin abin har cikin ƙashina.

"Ba laifi," na ce. "Amma irinsa suna da yawa."

Odell bai dube ni da fushi ba. Ya zauna, ya ciro wuƙarsa, ya shiga feƙe fensirin da ba ya bukatar fiƙa. Maganaɗisun ya tsaya inda yake.

Muka ɗauki wani dogo ɗan shekara goma sha tara, wanda bai kai shekara biyu tare da mu ba. Wata ƙungiya ta ɗauki Cleon a lamba ta hamsin da biyu, yanzu yana shekararsa ta takwas, kuma duk sanda ya zo garinmu sai ya ci mu. A watan Yuli aka sallami Odell da agogon hannu da kek, ni aka riƙe ni. Ba wanda ya taɓa tuhumata, don rahotona ya yi daidai da abin da na faɗa, kuskure kuwa kowa na yi a sana'armu. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Na sha jin karin maganar nan, amma ni tawa ta ci wa mutum aikinsa.

Ya koma Pine Bluff, yana kamun kifi da safe, ranar Juma'a ya je ya zauna a bayan bencin makarantarsa ta da. Duk Kirsimeti sai ya aiko mini da kati, a ciki ya rubuta, "Ɗan jarida, a rage shafi." Ban taɓa amsa ko ɗaya ba.

Bara ya rasu. Na je jana'iza, na laɓe a sahun baya, amma matarsa Mis Ernestine ta hango ni a wajen cin abinci. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakin ajiyar mota, inda korayen littattafan nan suke cike da kwali shida. Ta ciro ɗaya da aka ɗaure da roba, ta ce ya bar wasiyya a ba ni.

Na shekararsa ta biyu a aiki ne. An naɗe kusurwar wani shafi. A sama ga sunana, da lambar rigata, da sunan jami'armu. Ban taɓa sanin ya kalli wasana ba. Layi uku ne, kamar kullum: "Yana ganin fili fiye da kowa a ɗakin nan. Amma in abokinsa ya fara zurawa, sai ya daina ba shi ƙwallo. Kada a ɗauka."

A ƙasa, da kwanan watan shekarar da na fara aiki, ya ƙara: "Na ce su ba shi aikin. Idonsa ya fi nawa. Ɗayan abin kuma, ƙila ya girma."

Sai layi na ƙarshe, da kwanan watan Asabar ɗin nan ta Mississippi: "Na ba shi ƙwallo yana shi kaɗai a ƙarƙashin kwando." Daga nan bai ƙara komai ba, sauran shafin fari ne.

Mis Ernestine ta tambaye ni ko abin kirki ya rubuta, don ita ba ta iya karanta rubutunsa. Na ce mata gaskiya ya rubuta. Na zauna a mota da littafin a cinyata na daɗe ban tayar ba. Kunya ta kama ni, ba na musu. Amma a ƙarƙashin kunyar sai na tarar da tsohon ƙyashin nan yana nan daram: na shekara hamsin da 'yan kai a cikin jikina ban gano kaina ba, shi kuwa wasa ɗaya ya kalla daga bayan benci ya gano ni.