Lamba Sha Bakwai a Rumbun Jan Biro

Mijin yayata ne, kuma shi ya samo mini aikin koyar da Turanci a makarantar da yake koyarwa a wata ƙasar waje, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ku sani bakin wanda ya ci arzikinsa ne ke magana. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma Auta. Sauran malamai Jan Biro suke kiransa, sunan da ya samo tun shekararsa ta farko a ƙasar, lokacin da in ya karɓi littafin yaro sai ya mayar da shi ja wur kamar an yanka kaza a kai. Shekara goma sha huɗu ke nan. Ni da na zo daga baya ban taɓa ganin biron ba, sunan kawai na tarar.

Makarantar yamma ce, a bene na uku, saman wani kantin takalma. Ajujuwa shida ne da ɗakin malamai guda. Yara suna zuwa bayan sun tashi daga makarantarsu ta safe, iyayensu na fatan Turanci ya buɗe musu ƙofa wata rana. A ɗakin malaman akwai dogon tebur, butar lantarki mai tsatsa a gindi, da kabad na ƙarfe wanda samansa ya zama maƙabartar littattafan aikin gida. A karɓa, a jibge, a ce sai gobe.

Ba wanda ya zo da lalaci a jakarsa, a nan muka tsince shi. Akwai wani dogon Bature da muke kira Mai Fim, shi darasinsa ya kashe fitila ya kunna wa yara katun, ya zauna a baya yana latsa waya. Akwai Uwar Kwafi, 'yar ƙasar ce, wadda ta yi ta kwafar shafi ɗaya daga kwafin kwafi har haruffan suka koɗe, yara na cike gurbi da tsammani. Sai ni, wanda ba zan wanke kaina ba. Iyaye ba su jin Turanci balle su bincika. Shugabar makaranta kuwa in dai yara sun sauko bene suna dariya, to shi ke nan an yi karatu. Yayata ta ce da farko Yaya yakan dawo gida yana faɗa, wai malaman nan ba su tsoron Allah. Shekara uku aka yi ya daina faɗan. Zama da maɗaukin kanwa dai.

Abin takaicin shi ne, babban makamin lalacinmu daga ƙwazonsa ya fito. A zangonsa na farko ya zauna da ƙamus ya rubuta wa kowane yaro ra'ayin malami a takardar sakamako, cikin harshen ƙasar don iyaye su karanta da kansu. Yara arba'in, jimla arba'in, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Wani malami ya roƙi aro, ya sa wa jimlolin lamba ya adana a kwamfutar ofis. Daga nan suka zama na kowa. Rumbu muke kiran fayil ɗin. Ƙarshen zango sai a buɗe Rumbu, a ɗebo, a liƙa, a sauya suna. Mai Fim har ido yake rufewa ya dangwala yatsa. Shi kansa mai Rumbun ya koma ɗiba kamar kowa, yana cewa ai gonarsa ce.

Lamba sha bakwai cewa take: “Bakinta ba ya hutawa a aji. Ba ta jin kunyar tambaya, kuma muryarta na ƙara wa darasi armashi.” Wata sarkin surutu aka rubuta wa ita, wadda ƙila yanzu ta yi aure har da goyo.

Ran wata Litinin, mako guda bayan raba sakamako, muna shan shayi sai ga Shugaba ta shigo fuskarta na sheƙi.

“Jan Biro, ashe haka kake aiki a ɓoye? Wani uba ya kira ni yanzu, yana magana yana kuka. Ranar Alhamis zai zo bayan an tashi, ya gode maka da kansa.”

Yaya ya yi murmushi ya ce, “Godiyar me kuma, ranki ya daɗe?”

“Ji shi da tawali'u! Yarinyar nan mana da ba ta magana. Tun da mahaifiyarta ta rasu, shekara ɗaya da rabi, ko uffan ba ta ce wa kowa ba. Likita ne ya ce a gwada sa ta ajin wani harshe, ko bakin zai buɗe a can. Ai na sa maka takardarsa a fayil ɗin ajinka tun farkon shekara. Yanzu ga shi ka rubuta cewa bakinta ba ya hutawa. Zan sa a ɗauke ku hoto.”

Ta fita. Yaya ya ajiye kofin shayinsa. Ya jawo fayil ɗin ajin daga ƙasan tari. Takardar likita na nan a naɗe, ko buɗe ta ba a taɓa yi ba. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ɗago ya yi mini tambayar da har yau nake jin kunyarta a madadinsa.

“Auta, wacce ce a cikinsu?”

Wata bakwai tana ajinsa, Talata da Alhamis. Bai san fuskarta ba, don ya daɗe da daina kiran suna, takarda yake miƙawa ta zagaya kowa ya rubuta.

Ranar Talata ya roƙe ni in zauna a bayan ajin. Ya ɗauki rajista ya fara kira, yara na kallon juna don ba su saba ba. Da ya zo kan sunanta, wani ɗan hannu ya ɗaga a gefen taga, layi na uku. 'Yar shekara tara ce, siririya, da kitso biyu, ɗaya ya fi ɗaya tudu. Fensirorinta a jere suke bisa tsawo.

Ranar na ga Jan Biron da ake ba ni labari. Ya yi waƙa, ya yi kwaikwayon kyanwa, ya zana bas a allo, ya bi layi-layi yana tambaya har gumi ya jiƙa masa riga. Yara suka yi ta ihu suna ɗaga hannu. Amma ni na san ba don su yake yi ba. Kalma ɗaya yake farauta, ko da “e” ce, don ƙaryarsa ta samu ƙafar tsayawa kafin Alhamis. Ya durƙusa a gaban teburinta da hoton tuffa yana cewa mene ne wannan. Ta dube shi da kyau, ta dubi hoton, ta ɗauki fensir ta rubuta amsar daidai, ta juyo masa da takardar. Bakinta bai motsa ba.

Laraba masu ba da shawara suka yi masa caa. Mai Fim ya ce, “Ka ce a hankali take yi, kai kaɗai kake ji. Wa zai ƙaryata ka? Ita?” Ya yi dariya shi kaɗai. Uwar Kwafi ta ce a ɗora wa kwamfuta laifin, ai ba ta da baki. Ni ma na sa nawa, don tsoro nake ji: takardar zamanmu a ƙasar a hannun makarantar take, in Shugaba ta tono Rumbu ba shi kaɗai zai tashi ba. Na ce, “Yaya, ka lallaɓa mutumin ya tafi da farin cikinsa. Wa ya sani ko nan gaba ta yi maganar?”

“In ya tambaye ni me ta fara cewa fa?”

Yayata ta kira ni da rana tana tambaya ko wani abu ya faru, wai tun jiya mijinta bai ci komai ba, sai zagaye falo yake yi kamar mai jiran haihuwa. Na ce mata aiki ne ya yi yawa, ta ce, “Aiki? A wajenku?”

Da yamma na same shi ya hau kujera yana sauko da littattafan saman kabad, ƙura na tashi yana tari. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya samo nata. Ya zauna ya buɗe. Kowane aikin gida ta yi shi, da kwanan wata a sama da layi a ƙasa, kuma ba ɗigon jan biro ko ɗaya daga farko har inda ta tsaya. Ya daɗe a kan wani shafi. Bai nuna mini ba, ya rufe ya sa a aljihun tebur.

Alhamis ta zo kamar an turo ta. Tun kafin a tashi Yaya yake duba agogo, ya je bayan gida sau uku. Da yara suka watse muka ji takun mutum a bene, a hankali, irin na wanda ya wuni a zaune. Uban yarinyar ne, direban bas, da kayan aikinsa a jiki, hularsa a hannu. Ya zaunar da yarinyar a bencin baranda ya shigo ɗakin malamai. Mai Fim da Uwar Kwafi suka sulale. Ni na tsaya wajen buta ina wanke kofin da ba shi da datti.

Direban ya kama hannun Yaya da hannu biyu ya ƙi saki. Sannan ya fito da takardar sakamakon, ya sa ta a leda mai kauri don kada ta yage.

“Malam, ban san da bakin da zan gode maka ba. Na karanta wa kakarta ta waya, ta sa na maimaita sau huɗu. Alfarma ɗaya na zo nema.” Ya ajiye wayarsa a tebur. “Ran da za ta sake magana, ka ɗaukar mini muryar. Ko kalma ɗaya ce. Wallahi na fara manta yadda take.”

A raina ina ta roƙon Yaya ya ce to, mu wuce wurin. Sai ya ce, “Ɗan'uwa, zauna.”

Mutumin ya zauna.

“'Yarka ba ta yi magana a ajina ba. Ko sau ɗaya. Wannan jimlar tsohuwa ce, wata yarinya daban na rubuta wa ita tun kafin a haifi taka. Ɗaukowa na yi na liƙa ban duba sunan wa nake sawa ba. Ba kuskuren na'ura ba ne. Lalacina ne.”

Direban ya dubi takardar, ya dubi Yaya. Na zaci zai tashi da faɗa, har na matsa kusa da ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

“Malam, ka san abin da na yi? Kwana biyu na yi ina murna. Ran na uku na fara tunani. Na ce ashe tana da baki, ni ne ba ta so. Baƙo ya ji muryarta, ni da nake tashi da asuba in haɗa mata abinci ban isa ba. Na tsare ta a kicin ina cewa ta faɗa mini laifina. Na daka mata tsawa, Malam. Tun da uwarta ta rasu ban taɓa ba. Ta tsaya tana kallona, hawaye na zuba, ni kuma ina cewa ai na sani, a rubuce yake.”

Ya buga yatsa a kan ledar. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, alhali ba ni na liƙa ba. Amma sau nawa na ɗebi lamba sha bakwai?

Yaya ya jawo aljihun tebur ya fito da littafin. Ya buɗe shafin nan. “Na taɓa ba su aiki su rubuta game da gidansu. Ga nata.”

“Ba na jin Turanci. Karanta mini.”

Ya karanta yana fassarawa. “Babana yana tuƙa bas mai lamba tara. Yana tashi kafin ni. Shi yake yi mini kitso, amma bai iya ba. Ba na so ya sani, kada ya daina. Ina jin duk abin da yake gaya mini.”

Direban ya yi wata 'yar dariya, ta rikiɗe masa a tsakiya, ya rufe fuska da hula. Can ya sauke ya ce, “Yaushe ta rubuta wannan?”

Yaya ya dubi saman shafin. “Wata biyar ke nan.”

“Ina yake duk wannan lokacin?”

Yaya ya ɗaga ido. Mutumin ya bi idon da kallo har saman kabad, inda sawun tarin ya fito a cikin ƙura.

“Wata biyar,” ya ce. Ya miƙe, ya ɗauki wayarsa da littafin ya sa a cikin rigarsa, ya bar takardar mai leda a kan tebur. A baranda na hango shi ya tsuguna a gabanta yana magana ƙasa-ƙasa, hannunsa a kan karkataccen kitson. Shugaba ta fito daga ofis da mai ɗaukar hoto, ta ga fuskokinmu, ta koma ciki.

Ba a kori kowa ba, takardar gargaɗi aka ba Yaya. Rumbu na nan, Mai Fim ya goge lamba sha bakwai ya ce an magance matsala. Yaya yanzu shi ne na ƙarshen fita, yana kiran suna, yana duba littafi, yana kuma rubuta ra'ayinsa da hannu. Ranar Talatar da ta biyo baya ya zo da sabon littafi da ya saya mata, ya ajiye a kan teburin gefen taga. Da ya kai kan sunanta a rajista ya kira, ya jira, ya sake kira. Ba hannun da ya ɗaga. Uban ya cire ta daga makarantar tun ran Juma'a.