Ƙudan Kawu da Jiniyar Ma'ajiya

Kawuna ya yi rabin rayuwarsa yana faci a bakin titi, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Da ya ajiye famfo da gam, sai ya koma kiwon ƙudan zuma. Ya samu wani ɗan fili a bayan katangar ma'ajiyar man da nake yi wa aikin lantarki, ya jera akwatunansa a inuwar bishiyoyi. Mutum ne da ba ya doguwar gaisuwa. In yana sonka, kwalbar zuma kawai za ka tarar a ƙofar ɗakinka. Matarsa takan ce da ƙudan yake hira, ita kuwa sai dai ta ji labarin mijinta a bakin maƙwabta.

Bara masu ma'ajiyar suka ce ƙananan jiragen nan marasa matuƙi suna shawagi a kan tankokinsu, ba a san masu su ba. Aka kawo wata injiniya da na'urar sauraro. Ni na hau tsani na ɗaura makirufo a kowace kusurwar katanga. Aikin ba shi da wuyar ganewa: makirufon da ya fara jin kukan farfela, daga wajensa jirgin yake. Kwamfuta ta zana hanyarsa a allo, jiniya ta tashi.

To, jiniyar ba ta hutawa. Da rana ta take sai ta ɗauka, masu gadi su fito a guje suna kallon sama, ko tsuntsu babu. Kullum kusurwar gabas. Ni kuwa na san wanda ke gabas. Manaja ma bai daɗe ba ya gano. Ya ce ko akwatunan su tashi kafin ranar da za a yi gwajin na'urar, ko ya sa a yi musu feshi.

Na kai wa Kawu saƙon. Bai ko ɗago daga saƙar zumar da yake dubawa ba. Ya ce ba shi da wani filin, kuma ya tsufa da sake sana'a ta uku.

Injiniyar ce ta kawo dabara. Ta ce na'urar kamar yaro take, abin da aka koya mata shi ta sani. An koya mata kukan babur da na janareta, ba a koya mata na zuma ba. A naɗo mata shi kawai. Ta miƙo mini rakoda, ta ce ita daga ofis za ta yi mana addu'a.

Kawu ya tausaya wa ɗan ƙanwarsa. Ya turnuƙe wurin da hayaƙi, na naɗa cikin kwanciyar hankali, ko ɗaya bai taɓa ni ba. Injiniyar ta saka a kwamfuta. Washegari da rana jiniya ta tashi kamar ba a yi komai ba.

Na sami Kawu zaune a kan tsohuwar taya. Ya daɗe yana sauraron akwatunan, sannan ya fashe da dariya.

"Kai, mai wuta, mu ne sakarkaru. Ƙudan da ya sha hayaƙi ai gyangyaɗi yake yi. Muryar masu barci muka kai wa baiwar Allah."

"To yanzu fa, Kawu?"

"Gobe da tsakar rana. Ba hayaƙi."

Na tambaye shi ko yana da hular raga biyu. Ya ce ɗaya ce. Da muka isa washegari ya kifa mini ita a ka, ya ɗauki sanda ya ƙwanƙwasa akwatin farko. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Na riƙe rakoda, ƙudan suna harbin ƙafata ta cikin safa, shi yana gaba yana ce mini in matso, na'ura ba ta son rowa. Da muka koma gida matarsa ta dubi fuskarsa da ta kumbura ta ce yau dai ya yi ƙiba, ashe abincinta ne ba ya karɓarsa.

Injiniyar ta saka sabon naɗin a kwamfuta. Ranar gwaji ta zaɓi lokacin da ƙudan suka fi tashi. Muka tsaya gaban allo, har da manaja. Gabas tana ta gunji, jiniya shiru. Sai injiniyar ta saki nata ƙaramin jirgin na gwaji daga can bayan akwatunan. Layi ya fito a allo, ya bi shi har kan tanki, jiniya ta tsage. Ban taɓa zaton zan yi murna da wannan ƙarar ba. Manaja ya sosa ƙeya, ya ce a bar tsoho da kayansa.

Na leƙa ta saman katanga na gaya wa Kawu. Ya dube ni da idon da bai kumbura ba, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da aikinsa.

Da safe injiniyar ta tarar da kwalba a teburinta, manaja ma haka. Har a gindin makirufon gabas an ajiye wata 'yar ƙarama. Na duba ƙofar ɗakina, babu komai. Da na yi ƙorafi, Kawu ya ce ni ɗan gida ne, rabona na riga na karɓa a ƙafa.