Ubana da Aka Yi wa Makoki da Ransa

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar ubana, Nomau mai jakai, a nan Illela. Wannan lissafina ne. In ka tsallaka iyaka ka tambayi ƙanensa, Baffa Idi, zai ce maka an haura arba'in. Shi ya yi wa ubana makoki da ransa, ya ci gadonsa da ransa, kuma har bana ya buɗe baki ya gaya wa mutane cewa wansa ya mutu bai bar ɗa ba. Ni ne ɗan da aka ce bai bari ba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zaci yabon mamaci kawai ya kawo ni. Bokona na ajin manya ne, da furfura na koyi haɗa baƙi, saboda haka ban iya kewaye-kewayen masu rubutu a jarida ba.

Asalinmu wani ƙauye ne arewa da Birnin Konni. Lokacin da ubana yake saurayi babu wanda ya san wani abu wai shi iyaka a nan. Mutum ya karya kumallo a Konni ya yi azahar a Amarawa, ba mai tambayarsa daga ina. Sai Nasara biyu suka zauna suka raba ƙasa, Ingilishi ya ɗauki kudu, Faransi ya ɗauki arewa, aka zo aka kakkafa alamu a cikin gonakin mutane. Ƙauyenmu ya faɗa hannun Faransi.

Wannan ƙasa da yanzu ake kira Nijar, ubana da tafin ƙafarsa ya san ta. Ya san duwatsun Adar masu cin kofaton jaki, ya san rijiyoyin Tawa da igiyarsu ba ta ƙarewa, ya sha zuwa Damagaram. Agadas ce iyakarsa, don ya ce daga nan gaba ƙasar raƙumi ce, jaki ba shi da magana. Yakan kai gero da baƙin zane, ya karɓo gishiri da kanwa da dabino a hannun Buzaye. In ya zauna yana ba mu labari, sai ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasa, ya nuna ɗan bakinsa na ƙasa ya ce nan kaɗai ake noma, duk sauran rairayi ne da dutse da makiyaya. Kogi guda gare su, can yamma wajen Zabarmawa. Teku kuwa babu ta kowane gefe. Shi ma bai taɓa ganin teku ba, amma ya ji a bakin fataken Kano cewa ta can kaya ke shigowa duniya. Yakan ce gida ne ƙato wanda ba shi da ƙofar kansa, komai za ka fitar sai ka bi ta zauren maƙwabci. Mu nan Illela muna ɗaya daga cikin zaurukan.

Ba zan yabi Ingilishi ba, shi ma ba don Allah ya zo ba. Amma a wancan zamani shi haraji yake so, ya bar ka da sarkinka. Kumandan na Faransi kuwa jikin mutum yake so: gyaran hanya, dako, kai hatsi barikin soja a arewa. Karon farko da aka kama ubana da jakunansa, da bakwai ya tafi ya dawo da biyu. Da aka sake kiran sunansa bayan kaka, sai ya ɗora wa biyun nan tabarma da tukunya, ya sa innata gaba, suka gangaro Illela. Ba su kaɗai ba ne. Rabin tsofaffin unguwarmu haka suka zo.

To, dokar can ita ce in mutum ya gudu a kama ɗan'uwansa a madadinsa. Da dogaran kumandan suka zo, Baffa Idi ya ce wansa ya rasu a hanyar Adar, ciwon ciki ya kashe shi. Ba su yarda ba, aka kai shi gaban sarkin ƙasar, ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa da hannunsa ya sa shi a rami. Ya dawo gida ya shimfiɗa tabarmi a ƙofa, aka yi zaman makoki sosai, mata suka yi kuka.

Wanzamin gidanmu na gado, Ɗanjuma, shi ya kawo labari ranar kasuwa. Innata ta ce ya samu ubana yana ɗinkin mangala, ya tsuguna ya ce, "Nomau, Allah shi gafarta maka. Jiya anka yi sadakar ukunka. Masa ta yi daɗi ƙwarai."

Ubana ya yi dariya har ya aje basilla. Ya ce, "Ni da mutuwata, ko guda ba a aiko mani ba?"

Bai ji haushi ba. Ya ce Idi ya yi dabara, ya ceci wuyansa, kuma ai abin na ɗan lokaci ne, Nasara baƙi ne, za su gaji su tafi. Wannan ne kuskuren ubana, kuma kuskuren duk tsararsa. Sun ɗauki iyakar nan kamar bukkar mai gadin gona, wadda ake rushewa bayan girbi.

Tun da mutum ya mutu, dole a raba gado. A lokacin ba shi da ɗa, sai gonar fadama da rijiyar da kakanmu ya gina suka koma hannun Baffa. Bayan shekara uku aka haife ni. Ubana ya aika a gaya wa dangi suna, ba wanda ya zo sai Ɗanjuma da zabirarsa. Shi ya yi mini tsagar gidanmu, irin wadda ke fuskar ubana, irin wadda ke fuskar Baffa.

Na tashi ina ganin abin da sai daga baya na gane rashin kyansa. Ranar kasuwa mutanen ƙauyenmu sukan sauka gidanmu, su ɗaure dabbobinsu a turken ubana, su sha furar innata, su kira shi da sunansa. Da la'asar su tsallaka, ya koma marigayi. Kowa ya sani, ba mai faɗi. Baffa kaɗai ne bai taɓa tako ƙofarmu ba. In ya zo kasuwa ta bayan mahauta yake bi. Ubana yakan hango shi, ya sunkuyar da kai kamar yana duba kofaton jaki, don kada ya kunyata ƙanensa. Har ya mutu ban ji ya zage shi ba. Ni ban gado wannan haƙurin ba.

Da ajali na gaskiya ya zo, ina saurayi, muka aika ƙauye. Ɗan aiken ya dawo da amsar Baffa: sun riga sun yi makokin Nomau tun da daɗewa, ba su san wanda ya mutu a Illela ba. Maƙwabta ne suka yi masa wanka, abokan fatauci suka ɗauki makara. Innata ta yi takaba babu ko mace ɗaya daga dangin mijinta da ta zo ta zauna kusa da ita.

Wani lokaci nakan zauna bakin tasha in ce da ubana zai dawo yau, me zai gane? Hanyar da yake bi da jakai yanzu motar gyaɗa ke bi. Gyaɗar can da fatun can da shanun can duk ta nan suke gangarawa su nemi jirgin ƙasa, kamar yadda ya faɗa, gida marar ƙofa. Ga 'yan canji a gindin bishiya, sefa a hannun dama sule a hagu. Ga ma'aikatan kwastan a nan, ga na duwan, kwastan ɗin Faransi, a can, kowa da irin hularsa, suna tambayar Bahaushe abin da ya kai shi garin kakarsa. Gidan gwamnansu da ya sani a Damagaram tun yana da rai aka mai da shi Yamai. Aikin dole ma an ce an soke shi. Yanzu samari na ta maganar mulkin kai, wai Nasara sun kusa tafiya. Na san abin da ubana zai tambaya: in sun tashi, za su tumɓuke alamunsu su tafi da su? Ni dai ban ga alama ba. Na gaji da sa rai.

Da na bar zancen nan ya bi ni kabari, ba don abin da ya faru bana ba. Ɗana Garba ya ga 'yar wani mai fataucin fata a Konni, aka kai goro, aka karɓa. Kamar yadda aka saba, iyayenta suka aika ƙauyenmu a binciko asali. Aka nuna musu dattijon gidan. Baffa ya ce Nomau ya mutu a hanyar Adar bai bar baya ba, matarsa ta tafi ƙasar Ingilishi, abin da ta haifa a can ita ta sani. Aka dawo mana da goronmu.

Innata tana nan da ranta, ta tsufa, ba ta fita. Mun ɓoye mata, amma gida ba ya riƙe magana. Da ta ji, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Har yanzu?" Ta juya fuska bango. Matar da ta bi mijinta da tukunya a ka, ta daka masa fura har ya koma ga Allah, ita ce a ƙarshen rayuwarta aka jefa da wannan.

Na auna abin da ubana ya bari. Jakai sun ƙare, hanyoyin da ya sani mota ta shafe su, gona tana hannun wani. Kabarinsa ma ni kaɗai nake iya nuna wurin. Abin da ya rage sunansa ne a bayan nawa, da tsagar da ke kumatuna. In aka ƙwace sunan, an gama da shi ke nan, an yi masa mutuwa ta uku.

Na tsallaka. Na samu Baffa a zaure kan buzu, idonsa ya yi hazo, carbi a hannu. Na yi sallama, na gaishe shi yadda ake gaida uba.

Ya ce, "Wane na?"

Na ce, "Ɗan wanka Nomau."

Carbin ya tsaya. Can ya ce, "Yaro, mi kaka so in yi? Na dafa Littafi gaban sarki. Waɗanda sunka ji duk sun mutu, amma Mai Littafin na nan. In ce yau ƙarya niy yi?"

Sai na gane ba gonar ce ta riƙe shi ba. Tsoron rantsuwarsa yake, yana ganin in bai warware ta da baki ba kamar ba a rubuta ta ƙarya ba. Na so in ji tausayinsa, ban samu ba. Na matsa, na kama hannunsa na ɗora a kumatuna. Ya so ya janye, na riƙe. Yatsunsa suka bi tsagar har ƙasa.

Na ce, "Baffa, aska guda ta yi wagga da taka. Ba gona ta kawo ni ba, riƙe ta, rijiyar ma sha. Ƙaryar da kay yi don ka tsira, wanka ya yafe maka ita tun ranar, da dariya ma. Wadda kay yi ma innata bana, ba kumandan a bayanka, ba dogari a ƙofa, wannan taka ta kai ɗai. Inda za ka ba iyaka, wanka shina can shina jiranka, sai ku daidaita ranar da yam mutu. Ni kuwa ran da anka ce ka cika, ko ba a aiko ba zan zo. Ni za ni kama makararka ta gaba, in zauna nan ƙofar ga har a share makoki. Duk wanda yat tambaya wane na wanga, da bakina zan gaya mashi: ɗan Nomau na."