Jan Layi a Kan Katin Ishaya

Ranar Laraba mai zuwa shekara ashirin ke nan cif da motar citta ta kife da surukina Ishaya a kusa da Mararaban Rido. Waɗanda suka san ni a Kafanchan sun san Danladi mai duba tikitin jirgin ƙasa, mutumin da ya rantse ya taɓa ganin doya a kasuwar Gwantu da sai da ƙarti huɗu suka ɗaga ta. Har gobe ina kan bakana game da doyar. Amma yau ku yi haƙuri da ni, labarin da na zo da shi ba ya bukatar gishiri, kuma shekara ashirin ina ɓoye rabinsa.

Ishaya mutumin Kwoi ne, malamin lissafi a wata sakandare a nan garin, mijin ƙanwata Rifkatu. Siriri ne, in iska ta taso sai mun sa masa dutse a aljihu. A tsakiyar shekarun saba'in ya je wani kwas na hutu a jami'a can arewa da mu, ya dawo da ciwon da ba ya jin magani: kwamfuta. Matasan yanzu za su ɗauka ƙarin gishirina ne, amma a lokacin injin guda ɗaya ya cika ɗaki, an sa masa na'urar sanyi, mu kuwa muna ta fifita da jarida. Ba kowa ke taɓa shi ba. Kana rubuta umarninka a takarda mai gida-gida, harafi ɗaya gida ɗaya, wasu 'yan mata su buga shi a kan kati mai huji, layi ɗaya kati ɗaya. Sai a jera katin bi da bi a ba injin. In kati ɗaya ya tsallake ɗan'uwansa, shi ke nan, an yi ɓarin aiki.

Wani malami a can ya ce masa, in ya rubuta furogiram, wato jerin umarnin nan, da ya yi aiki kafin a rufe ɗaukar ɗalibai, zai tsaya masa a ba shi gurbin karatu na sosai. Ishaya ya zaɓi abin da ke haɗa faɗa a makarantarsu duk farkon zango: jadawalin darasi, yadda ba za a sa malami ɗaya a aji biyu a sa'a ɗaya ba. Katinsa ya cika kwalin takalmi. Da yake duk Juma'a aikina na bi da ni ta can, ni na zama ɗan aikensa. In kai kwalin, a gwada, in dawo da shi tare da doguwar takardar da injin ya tofo.

Zuwan farko, injin ya ƙi saboda waƙafi ɗaya. Mako guda cur, jirgi ya ci gawayi da mai, na ci masifar fasinja, a kan ɗigon da bai kai kashin ƙuda ba. Na ce masa, "Suruki, wannan injin naka ko surukar Fir'auna sai haka."

Bai yi dariya ba, ya ajiye cokali. Ya ce, "Yaya, ka taɓa zuwa gayya a garinmu? In huɗarka ta karkace, na kusa da kai ne zai taɓa ka da ƙotar garma, ya ce gyara. Nan take. Ba ya bari sai an girbe ya aiko maka da wasiƙa."

Wannan maganar ita ce ta cinye masa shekararsa ta ƙarshe. Ya sayi littafi mai baƙin bango yana zana abin da yake so kayan aikin su zama. A ganinsa waɗanda suka ƙera su injin suka tausaya wa, suka manta da mutum. Yana son abu kamar allon aji, ka rubuta, ka gani, ka share da tafin hannu. Yana son injin ya riƙa bin ka layi-layi kamar shugaban mawaƙan coci, wanda ke tsayar da ku a kan muryar da ta kauce, ba ya jira sai ranar Lahadi gaban jama'a. Yana son in ka yi kuskure a gaya maka da harshen da uwarka ta yi maka faɗa da shi, Hausa ko Jaba. Ni kuwa ina ce masa ya ƙara da cewa injin ya riƙa dama kunu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji shi, kuma kwamfuta yarinya ce tukuna.

Zuwa na biyu ma an samu ɗan kuskure. Na uku shi ne ya kamata ya zama na ƙarshe, kati ɗaya tak za a canza. Ya ɗaure kwalin da robar tayar keke, ya miƙo mini da hannu biyu kamar jaririn da za a yi wa baftisma.

A tashar Kaduna muna jiran canjin jirgi, abokan aiki suka tsare ni da tsiya, wai me nake ɗauke da shi kamar ƙwai. Ku da kuka san bakina kun san sauran. Na ce harshen aljanun Turawa ne, kuma duk Arewa mu biyu muke jin sa. Suka ce ƙarya. Na kwance robar. Ina riƙe da ƙosai a hannu ɗaya, ina ɗaga kati sama da ɗayan don su ga rana ta cikin hujin, wani mai ɗauke da buhu ya goge ni. Kwalin ya kife.

Baki shi ke yanka wuya. Na durƙusa ina tattarawa, ana ta dariya, ni ma ina tayawa. Babu lamba a jikinsu. Na haɗa su yadda ake haɗa katin wasa, na busa ƙurar, na ɗaure, na ce wa kaina injin da ya cika ɗaki ai ba zai rasa wayon jera 'yan takardu ba. Na kai. Ban ce wa kowa komai ba.

Takardar da ta dawo, da an shimfiɗa ta da ta kai Kagoro. Kuskure daga sama har ƙasa. Ishaya ya duba ta a tsaye a ƙofar gida, ya zaro kati uku daga kwalin, ya karanta ƙananan rubutun da ke samansu. Sannan ya dube ni.

"Yaya, hanya lafiya?"

"Lafiya lau," na ce. "Sumul."

Ya gyaɗa kai. Kwana huɗu yana rarrafe a tsakar ɗaki da takardunsa na asali, yana mayar da kowane kati gidansa, Rifkatu na goye da 'yarsu Saratu don kada ta taka. Ranar Talata da yamma na leƙa, na tarar ya gama, ya matse katin wuri ɗaya, ya ɗora rula a kan bakinsu ya ja jan layi a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ce gobe zai bi motar citta ya kai da kansa. Na ji maganar kamar mari. Na ce a raina, ya daina yarda da ni. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na yi masa barkwanci, na ce ya riƙe ƙarfen motar da kyau kada iska ta ɗauke shi a Kachia. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan a duniya.

Abin da aka dawo mana da shi agogonsa ne, da takalmi ƙafa ɗaya, da kwalin, a ɗaure, ko kusurwarsa ba ta lotsa ba.

Yanzu Saratu ta girma, tana karatun kwamfuta a Kaduna, da kunnuwan ubanta da taurin kansa. Kwanakin baya a makarantarsu ta zaunar da ni gaban wata 'yar kwamfuta da ba ta fi akwatin talabijin ba. Ta buga layi, ta bar waƙafi da gangan. Kafin in haɗiye yawu, injin ya nuna mata wurin. Ta danna, ta share, ta gyara. Tafiyar da nake yi ta mako guda, ga ta an yi ta tsakanin numfashi biyu. Na ce mata hayaƙin janareto ne ya shigar mini ido.

Me Ishaya zai ce da ya ga wannan? Na san zai yi tsalle har ya fasa fanka. Na kuma san kafin shayinsa ya huce zai fara mita. Zai ce allon ya samu, abokin gayya ma ya zo, amma abokin ba shi da ladabi: Turanci kawai yake ji, kuma ya iya cewa ka yi kuskure, bai iya cewa ga yadda za ka fita ba. Ina zaune a wurin aka ɗauke wuta, aikin wata yarinya na tun safe ya tafi, ta kifa kai a tebur. Malaminsu ya ce laifinta ne da ba ta adana ba. Da Ishaya na nan da sun kwashi 'yan kallo. Shi a wurinsa, kayan aikin da ɓari ɗaya ke kashewa ba a gama ƙera shi ba.

Lahadin da ta wuce aka yi addu'ar tunawa da shi a gida. Da fasto da matan zumunta suka watse, na tarar da Rifkatu tana tara kujeru. Na ce mata ta zauna. Ni da ba a taɓa jin na rasa magana ba, sai da na fara sau uku. Na gaya mata komai, har ƙosan.

Ta ce, "Yaya, shi ne abin da ya sa ba ka cin abinci a gidan nan in watan nan ya zo? Ai mun sani. Tun ranar. Kati biyu da man ƙosai, ɗaya da sawun takalmin reluwe."

"To me ya sa bai ce komai ba?"

"Ya ce in ya yi magana ba za ka ƙara shigowa gidanmu ba. Kuma wa zai riƙa ba shi dariya?"

Na tambaye ta abin da ya fi ci mini rai, ko don ya daina yarda da ni ne ya bi mota. Ta ce a'a. Ranar Alhamis za a rufe, jirgina kuwa sai Juma'a. Kwana huɗun nan ne suka cinye lokacin. Ba ta sassauta mini ba, ban kuma nemi ta sassauta ba. Da ban kwance robar nan ba, da aikin ya wuce tun zuwa na uku, da babu abin da zai hau da shi motar citta. Mutane za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na gode, na sha faɗa wa wasu haka. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi nauyi.

Sai ta shiga ɗaki ta fito da littafin nan mai baƙin bango, ta buɗe shafin ƙarshe da ya rubuta. Ya zana kwalin da layin a karkace. A ƙasa ya sa: "Layin Yaya Danladi. Kati zai zube, hannun mutum ne ke ɗauke da shi. A ja layi, domin wanda ya zubar ya dubi inda jan ya karye, ya jera da kansa a bakin tasha, ba sai ya sunkuyar da kai gaban kowa ba."

Ashe ba don kansa ya ja shi ba. Yana da niyyar in ci gaba da ɗaukar masa kwalin.

Washegari na ɗauki kwalin na kai Kaduna da hannuna. A mota wani ya tambaye ni me ke ciki, na ce takalmi. Saratu ta yi kwana biyu tana kwafe katin ɗaya bayan ɗaya cikin kwamfutarsu, ta sa gyaran kati ɗayan nan da ubanta ya rubuta a 'yar takarda ya soke a gefe. Ta ce, "Kawu, kai za ka danna." Na danna. Babu kuskure ko ɗaya. Jadawalin ya fito, aji-aji, babu malamin da ya ci karo da kansa. Rabin sunayen mun riga mun raka su makabarta. A layin farko: Litinin, darasin farko, aji uku, lissafi, Malam Ishaya.

Bai bar wa kowa gadon gida ko mota ba, ko digirin bai samu ba. Abubuwan da ya zana a littafinsa wasu a wata duniya sun ƙera su ba tare da sun taɓa jin sunansa ba, kuma na san ba zai damu ba. Abin da ya rage nasa shi kaɗai shi ne wancan jan layin: mutum ya san kai ka ɓata masa aiki, ya zauna ya yi tunanin yadda gobe ba za ka ji ciwon ɓarin ba. Na roƙi Saratu, duk abin da za ta ƙera a rayuwarta, ta ja wa masu ɓari irina layi.

Suruki, ka tambaye ni ko hanya lafiya. Ba lafiya ba. Ni na zubar, a Kaduna, ina cika baki. Aikinka kuwa ya yi, ranar Litinin kana da aji uku.